Turmin Gishiri da Turmin Barkono: Kimiyyar da ke Cikin Aikin Masassaƙi

Gabatarwa

Lokacin da aka sa ranar auren ɗiyar yayana a Tambuwal, na daɗe ina tunanin irin gudummawar da zan bayar. Kwanuka da kuloli da tangaran ba za a rasa masu kawo su ba. Ana nan sai na tuna da waɗansu 'yan na'urori biyu na itace da ake ajiyewa a teburin cin abinci a ƙasashen Turai, masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya ta niƙa gishiri, ɗaya ta niƙa masoro. A can sukan ba da su kyauta ga sababbin ma'aurata. Mu ma a ƙasar Hausa muna da makamancinsu tun kaka da kakanni, wato ƙaramin turmin dakan yaji. Saboda haka na tafi wurin wani dattijo masassaƙi a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Kebbe, na roƙe shi ya fitar mini da ƙananan turame biyu masu girma ɗaya daga gungume ɗaya na ƙirya.

Bayan mako guda na koma na tarar ya gama. Na ce, "Baba, yau zan tafi da su." Ya girgiza kai ya ce, "Malam, icce ba shi son gaggawa. Ka bar su nan cikin inuwa su sha iska tukuna." Ban saurara ba. Na kai su gida, na jera su a tsakar gida cikin rana da iskar hunturu, wai don su yi saurin bushewa. Kwana huɗu kacal, ɗaya ya tsage tun daga baki har gindi.

Wannan asara ce ta sa na rubuta maƙalar nan. Manufata ita ce in nuna wa ɗalibai da malamansu cewa kowace ƙa'ida da masassaƙi ke bi tana da dalili a ilimin halittu da na sinadarai, kuma turmin da aka sassaƙa cikin kwana biyu ya fito ne daga bishiyar da ta yi shekaru masu yawa tana girma, wadda irinta ke ƙaranci a dazuzzukanmu.

Hanya biyu, manufa ɗaya

Manikar masoro ta Turawa ana yin jikinta ne da injin juya itace. Ana maƙala guntun itace tsakanin ƙarafa biyu, injin ya riƙa juya shi da sauri, shi kuwa mai aiki ya kara masa ƙarfe mai kaifi har ya fitar da siffar da yake so. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin akwai zanenta a wani kabari na ƙasar Masar da aka gina kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikin itacen akan sa haƙoran ƙarfe masu murƙushe ƙwayar. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda aka fara haɗa motocinsa a Kaduna a 1975, ya soma ƙera maniƙar kofi a 1840, ya kuma fitar da ta masoro a 1874, tun bai ƙera mota ko ɗaya ba.

Masassaƙinmu ba ya juya itace. Gatari da gizago su ne manyan kayan aikinsa, idonsa kuwa shi ne ma'auninsa. Da su yake fitar da turmi da taɓarya da akushi da muciya da ƙota. To amma manufar maniƙa da turmi ɗaya ce: a farfasa kayan yaji a daidai lokacin da za a yi amfani da su.

Me ya sa ake son haka? Bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauki abu mai fuska shida daidai da juna, kowane gefe santimita 1. Faɗin fuskokinsa duka murabba'in santimita 6 ne. In aka yanka shi ƙanana, kowane gefe milimita 1, za a sami gutsattsari 1,000, faɗin fuskokinsu kuwa ya zama murabba'in santimita 60. Nauyi bai canja ba, amma wurin da iska ke taɓawa ya ninka sau goma. Ƙamshin masoro da kimba da citta da kanumfari yana cikin wani mai ne da ke saurin bin iska. Muddin ƙwayar na rufe, man na ajiye. Da zarar an daka, sai ya fara tserewa. Shi ya sa yajin da aka daka yau ya fi na watan jiya ƙamshi.

Mene ne itace?

In aka yanko siririn yanki na itace aka duba shi da madubin ƙara girman abu, za a ga ba dunƙulallen abu ba ne. Tarin ƙwayoyin halitta ne dogaye masu rami a ciki, a jere daga saiwa zuwa sama, kamar damin kara da aka ɗaure tam. Waɗansunsu bututai ne da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye, waɗansu kuwa zaruruwa ne masu kaurin bango da ke riƙe nauyin bishiya.

Bangon kowace ƙwaya an gina shi da manyan sinadarai uku. Na farko selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen itace, shi ne kuma abin da ke cikin zaren auduga. Na biyu hemiselulos. Na uku liginin, wanda ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Selulos kamar rodi yake a gini, liginin kuwa kamar siminti.

Har ila yau, duk wanda ya dubi gindin bishiyar da aka sare zai ga launi biyu. Akwai itacen gefe mai haske, kusa da ɓawo, wanda ta cikinsa ruwa ke hawa, kuma a cikinsa bishiya ke ajiye sitaci. Akwai kuma itacen zuciya mai duhu a tsakiya. Wannan ya daina ɗaukar ruwa, bututansa sun toshe, bishiya ta cika shi da ƙaro da sinadarai masu ɗaci da bauri, irin su tanin. Tanin ba baƙo ba ne a gare mu, domin shi ne ke cikin 'ya'yan bagaruwa da majema ke jeme fatar jan akuyar Sakkwato da su. Waɗannan sinadarai su ke hana gara da ƙwari da fumfuna cin itacen zuciya. Saboda haka in ka ga masassaƙi yana sare farin gefe yana zubarwa, ba ɓarna yake yi ba. Yana raba turmin ne da abincin ƙwari.

Tsarin damin kara ya kuma bayyana dalilin da ya sa ake fafe turmi a tsaye. Taɓarya tana sauka ne a kan bakin zaruruwa, inda itace ya fi jure duka. Da an fafe shi a kwance, da kowane bugu ya riƙa raba zare da zare, kamar yadda gatari ke yi wajen faskare.

Me ya sa ƙirya ta yi fice?

Wani abin mamaki shi ne, abin da aka gina bangon ƙwayoyin itace da shi nauyinsa kusan ɗaya ne a dukan bishiyoyi, wato kimanin giram 1.5 a kowane santimita mai fuska shida. Ruwa kuwa giram 1 ne. Bambancin itace mai nauyi da marar nauyi yana ga kaurin bango da yawan ramin da iska ta cika. Busasshen itacen rimi kimanin giram 0.3 ne, wato yawancinsa iska ce. Maɗaci yana kai wa 0.7 zuwa 0.8. Ƙirya kuwa, wadda masana ke kira Prosopis africana, tana kai wa 0.9 zuwa 1.0, har wani guntun nata yakan nutse a ruwa.

Wannan nauyi yana da amfani iri uku ga mai daka. Na ɗaya, turmi mai nauyi ba ya rawa a ƙasa. Na biyu, ƙarfin bugu yana tafiya ga abin da ake dakawa maimakon ya ƙare wajen lotsa itace. Na uku, itace mai tauri ba ya saurin sakin ɓurɓushi cikin abinci. Taɓarya ma haka take: nauyinta da tsayin da aka ɗaga ta su ne ke ba da ƙarfi, ƙanƙantar bakinta kuma ita ke tara ƙarfin a wuri ɗaya. Wannan tauri ne ya sa maƙera suka fi son gawayin ƙirya, domin yana daɗewa yana ci, ga zafi.

Ban da ƙirya, akan yi turmi da maɗaci da kaɗanya da waɗansu itatuwa masu tauri, taɓarya kuwa da irin su marke da aduwa. Sai dai tauri kaɗai bai isa ba. Samberu itace ne mai ƙarfi, amma makiyaya sun san dafinsa, don haka ba shi da wuri a kayan abinci. Kuka kuwa, duk da girmanta, cikinta kamar soso yake. Wannan ilimi na zaɓen itace masassaƙa sun tara shi ne ta hanyar gwaji da lura, zuriya bayan zuriya, kuma wannan ita ce hanyar da kimiyya ke bi.

Dalilin tsagewar turmi

Yanzu mu koma ga turmina da ya tsage. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma ruwan iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance cikin ramin ƙwayoyi, kamar ruwa a cikin tulu. Akwai kuma wanda ya shiga cikin bangon kansa ya kumbura shi. In itace ya fara bushewa, ruwan rami ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canja girman itace. Amma da zarar ruwan da ya rage ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari na nauyin busasshen itacen, sai na cikin bango ya fara fita, bango ya sirance, itace ya soma ƙanƙancewa.

Matsalar ita ce ƙanƙancewar ba daidai take ba ta kowace fuska. A tsawo kusan babu ita, domin ba ta wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari. Daga ɓawo zuwa tsakiya takan kai kimanin kashi 4 a yawancin itatuwa. Amma ta kewaye takan kai kimanin kashi 8, wato ninki biyu.

Alal misali, a ɗauki gungume mai faɗin santimita 20. Kewayensa santimita 62.8 ne. In ya bushe ƙarau faɗinsa ya ragu da kashi 4, ya koma 19.2, to yana bukatar kewaye mai santimita 60.3. Amma itacen da ke kewayen ya ragu da kashi 8, ya koma 57.8. Ke nan akwai giɓin santimita 2.5. Ina za a samo shi? Itacen yakan miƙe ya cike wani ɓangare, sauran kuwa ya fito a matsayin tsaga. Shi ya sa tsagar gungume kullum takan bi layin da ya taso daga tsakiya zuwa ɓawo.

Gaggawa tana ƙara tsananta lamarin. A cikin rana, bayan itace yakan bushe ya nemi ƙanƙancewa alhali cikinsa na jiƙe bai motsa ba, sai bayan ya yage. Bugu da ƙari, ruwa yana fita ta bakin zaruruwa fiye da sau goma bisa yadda yake fita ta gefe, don haka baki da gindin turmi su ke fara tsagewa. Masassaƙi yana aiki da ɗanyen itace domin ya fi taushi ga gizago, kuma fafe cikin yana rage wannan ja-in-ja. Daga nan sai ya ajiye shi a inuwa, wani ya shafa masa mai a baki da gindi, domin ruwan ya fita sannu a hankali, ciki da waje tare. Abin da dattijon ya gaya mini ke nan a taƙaice, ni kuwa da digirina na ƙi ji.

Ko bayan ya bushe, itace ba ya daina mu'amala da iska. In laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari, kamar yadda akan samu a watan Agusta, itace yakan riƙe ruwa kimanin kashi 16. In ta sauko kashi 20, kamar a tsakiyar rani a Jihar Sakkwato, sai ya koma ƙasa da kashi 5. Dalili ke nan da ƙofar katako ke cijewa da damina, ta kuma yi sako-sako da rani.

Halin gishiri

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa turame biyu? Ai ɗaya ya isa. Amsar tana cikin halin abubuwan da ake dakawa.

A da, gishiri dunƙule yake zuwa mana. Ayarin raƙuma na kawo kantu daga Bilma, fatake kuma na kawo na Foga daga yammacin Nijar zuwa kasuwanni irin su Jega, saboda haka dole a daka shi kafin a sa a miya. Gishiri, wato sodiyam kulorayid, yana janyo ruwa daga iska. In laima ta haura kimanin kashi 75 cikin ɗari, sai ya fara narkewa da kansa. Kowace uwar gida ta san yadda gishiri ke jiƙewa da damina.

In wannan ya faru a cikin turmi, ruwan gishirin yakan bi bututan itace ya shige. Da rani ya zo ruwa ya tafi, sai gishirin ya sake daskarewa a tsakanin zaruruwa, ya riƙa ture su. Shekara bayan shekara, cikin turmin sai ya yi gashi-gashi, ya fara sakin zare. Ruwan gishiri kuma yana gaggauta tsatsar ƙarfe. Wannan ya sa masu ƙera maniƙar gishiri ba sa yin haƙoranta da irin ƙarfen maniƙar masoro, sai da tangaran ko ƙarfen da aka yi domin jure tsatsa. Darasin a nan shi ne turmi wurin daka ne, ba wurin ajiya ba. A daka, a kwashe, a zuba a abu mai murfi.

Halin barkono

Barkono da attaruhu da tattasai duk 'yan gida ɗaya ne, jinsin Capsicum, kuma asalinsu nahiyar Amurka. Sun bazu a duniya ne bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Masoro dabam yake. Namu na Afirka ta Yamma shi ne Piper guineense, wanda Turawa ke niƙawa kuwa Piper nigrum ne, ɗan asalin kudancin Indiya. Sinadarin da ke ba masoro yaji, fiferin, masanin ƙasar Denmak Hans Christian Ørsted ne ya fara ware shi a 1819.

Yajin barkono yana fitowa daga sinadarin kafsaisin, wanda ya fi yawa a farin naman da 'ya'yan ke maƙale a jikinsa. A 1997 David Julius da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano ƙofar da wannan sinadari ke buɗewa a jijiyoyinmu. Ita ce ƙofar da zafin da ya haura digiri 43 na ma'aunin Salshiyos ke buɗewa. Ashe ke nan Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce barkono na da zafi, domin saƙo ɗaya ne ke isa ƙwaƙwalwa. Wannan bincike na cikin abin da ya sa aka ba Julius lambar yabo ta Nobel a 2021.

Abin da ya shafi turmi shi ne kafsaisin ba ya narkewa a ruwa sosai, amma yana narkewa a mai. Shi ya sa nono ya fi ruwa kashe yaji a baki. In aka daka barkono, mansa yakan shiga ramukan itace ya zauna, wanki da ruwa kuwa ba ya fitar da shi duka. Duk abin da aka daka daga baya zai ɗauki yaji. In kuma turmi ɗaya ke ɗaukar gishiri da barkono, gishirin da ya shiga itace zai riƙa janyo danshi, ragowar barkonon kuwa ta zama abincin fumfuna. Raba turame biyu yana rage wannan haɗari.

Kula da turmi

Fumfuna ba abin wasa ba ce. Wani nau'inta, Aspergillus flavus, yana tsirowa a kan gyaɗa da masara da busasshen barkono in sun sha danshi, yana kuma fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano gubar ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanta, kuma dafuwar gida ba ta kashe ta. Saboda haka ga waɗansu ƙa'idoji masu sauƙi:

1. Kada a daka barkonon da ya yi fumfuna ko ya canja launi.
2. Bayan daka a goge turmi, in an wanke shi kada a bar ruwa ya kwana a ciki.
3. A shanya shi a inuwa mai iska, a karkace, ba a tsakiyar rana ko bakin murhu ba.
4. A shafa masa man kaɗe kaɗan a baya da baki lokacin hunturu.
5. Kada a shafa fenti ko baƙin man inji a inda abinci ke taɓawa.
6. In tsaga ta yi zurfi har abinci na maƙalewa, a daina dakan abinci a ciki.

Ina bishiyoyin?

Da na koma wurin dattijon da kunya a fuskata, bai yi mini gori ba. Abin da ya dame shi dabam ne. Ya ce, "Malam, sassaƙa ba wuya. Iccen ne wuya. Muna yara bayan gari muke samun ƙirya, yanzu sai mun yi tafiya mai nisa."

Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, itatuwa ma sun fi kauri. Duk da haka manyan bishiyoyi masu tauri suna raguwa. Masassaƙa ba su ne babban dalili ba. Akwai faɗaɗa gonaki, da itacen girki, da gawayin da ake lodi zuwa birane, da wutar daji, da dabbobin da ke cinye 'yan tsiro, ga kuma farin da aka sha a 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985. Ita kuwa ƙirya a hankali take girma. Taurin da muke yabo shi ne sakamakon wannan jinkiri, domin gina bango mai kauri yana cin lokaci. Kimanin rabin nauyin busasshen itace sinadarin kabon ne da ganye ya tsinto daga iska da taimakon hasken rana, kaɗan-kaɗan, damina bayan damina.

Matsalar ta wuce iyakar jiharmu. Yawan sare madobiya ana kai wa ƙasar Sin ya sa aka sanya ta, daga 2017, cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. A taron Panama na Nuwamba 2022 aka ƙara maɗaci da danginsa na Afirka. Tarayyar Afirka kuma ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa hukumar shirin a 2015, kuma Sakkwato da Kabi da Zamfara na cikin jihohi 11 da ya shafa.

Akwai abin ƙarfafa gwiwa daga maƙwabtanmu. Tun daga 1983, manoman yankin Maraɗi suka rungumi dabarar da suke kira sassabin zamani, wadda wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa. Maimakon a ƙone tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Tun da saiwar tsohuwa ce, tohon yakan girma da sauri fiye da dashe. An kiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙirya na cikin itatuwan da ke toho bayan sara. Daɗin daɗawa, 'yar gidan wake ce da ɗorawa, tana ƙara wa ƙasa taki, dabbobi na cin 'ya'yanta, a waɗansu sassan Nijeriya ma ana yin daddawa da ƙwayarta. Manomin da ya bar ta a gonarsa bai yi asara ba.

Gwaje-gwaje domin aji

Malamai na iya gudanar da waɗannan ba tare da kayan aiki masu tsada ba.

Na ɗaya: a samo busassun guntaye masu girma ɗaya na rimi da dogon yaro da ƙirya, a sa su a bokitin ruwa. A auna yawan abin da ya nutse na kowanne, a jera su bisa nauyi.

Na biyu: a yanko faifai biyu daga ɗanyen reshe ɗaya. A ajiye ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. A riƙa auna nauyinsu kowane kwana uku, ana zana tsagar da ta bayyana. In faifai ya fara da giram 150 ya tsaya a giram 100, ruwan da ya fita kashi nawa ne cikin ɗari na nauyin ƙarshe?

Na uku: a zuba cokali ɗaya na gishiri a faranti a bar shi buɗe kwana biyu a watan Agusta, a maimaita a watan Fabrairu, a kwatanta.

Na huɗu: a zuba garin barkono daidai wa daida a kofi biyu, ɗaya da ruwa, ɗaya da man gyaɗa. Bayan awa ɗaya a tace, a dubi launi. A kula kada hannu ya taɓa ido.

Na biyar: ƙwayar ƙirya tana da tauri, ruwa ba ya shigarta da sauƙi. A raba ƙwaya 30 gida uku. Kashi ɗaya a shuka yadda yake, na biyu a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana, na uku a ɗan kankare bayansa da magagari. A ƙirga waɗanda suka tsiro cikin mako uku. Waɗanda suka rayu a dasa su a harabar makaranta da farkon damina, a yi musu shinge.

Kammalawa

Dattijon ya sassaƙa mini waɗansu turame biyu, wannan karon kuma na bar su a rumfarsa har ya ce sun yi. Ba su isa gidan amarya ba sai bayan biki da wata biyu, amma har yanzu suna nan lafiya, ɗaya na gishiri, ɗaya na barkono. Mun ga cewa zaɓen itacen zuciya, da fafe turmi a tsaye, da shanya shi a inuwa, da raba na gishiri da na yaji, duk suna da hujja a kimiyya. Ina kira ga ɗalibai da su ziyarci masassaƙan garinsu da littafi da alƙalami, su tambayi wane itace ake amfani da shi, daga ina ake samo shi, kuma ina ake samo shi shekara 30 da suka wuce. Amsoshin da za su tattara bayanai ne na kimiyya masu daraja. Wanda kuma ya yi niyyar ba amarya turmi, ya kyautu ya haɗa da dashen ƙirya ko da guda ɗaya ne, domin 'ya'yanta ma za su bukaci turmi ranar nasu auren.